Ruwan Jegon Inna Mero

A shekarun da suka biyo bayan 2010, Taman Melati, a babban birnin ƙasar 'yan Malay, unguwa ce ta jerin gidaje manne da juna, kowanne da ɗan fili a baya mai kallon lungu da magudanar ruwa. Jirgin ƙasa na LRT na wucewa ta sama, motar masu gas na zagayawa da hantsi tana busa ƙaho, duwatsun Gombak kuma na leƙowa ta bayan rufin gidaje in hadari ya yaye. A lokacin ne ɗaliban Arewa masu neman manyan digiri suka yawaita a nan da maƙwabciyarta Wangsa Maju, da yawansu tare da matan da haihuwar fari ke riska nesa da iyayensu.

A ɗaya daga cikin gidajen nan Inna Mero ta sauka. Mutuniyar Dambatta ce. Bayan rasuwar mijinta, ɗanta na fari, Abdallah, wanda ya gama karatun injiniya ya sami koyarwa a wata jami'a, ya ɗauko ta ta zauna da shi da matarsa Surayya. Ba ta jin Turanci, Malay ɗinta kuma bai wuce na cefane ba. Ta daɗe tana zaman shiru, sai wata matar ɗalibi ta haihu a maƙwabta, ba uwa ba goggo. Mero ta je barka, ta tarar da mai jego tana wanka da ruwan shawa mai ɗumi-ɗumi. Da ta dawo ta sa aka sayo mata ƙatuwar tukunya a kasuwar Chow Kit, irin ta masu dafa shinkafar biki, aka girka ta kan murhun gas a filin bayan gida.

Ganyen darbejiya ta gano shi a unguwar Brickfields, wurin Indiyawa masu sayar da furanni. Kanwa da gero matafiya ke ɗauko mata daga Kano. Ba a jima ba bayan gidan Abdallah ya zama wurin wankan jego na unguwa, domin masu zama a benaye ba su da inda za su ɗora tukunya. Mazaje na sauke matansu a bakin lungu su juya. Ruwa ya tafasa da ganye, mai jego ta zauna kan kujera 'yar tsugunno, Mero ta tsoma ganyen tana daddanna mata jiki.

"Wayyo Inna, za ki dafa ni!" in ji wata.

"In kin dahu sai a ƙunshe ki a leda, a yi wa mijinki tapau ɗinki. Juyo bayan."

Likitoci sun daɗe suna gargaɗi kan ruwa mai tsananin zafi da yawan kanwa, kuma ba a musanta hakan ba. Matan da suka bi ta hannunta sun ce tana sirka ruwan, tana kuma kula da mai hawan jini. Sun ce kuma ba ruwan kaɗai ke kai su ba. A duk faɗin birnin, nan ne kawai wata babba ke taɓa jikinsu ta yi musu faɗa kamar a gida.

Abu ɗaya ne Mero ba ta taɓa furtawa ba: tana jiran ranar da za ta ɗora tukunyar nan don gidanta. Surayya ta yi shekara da shekaru ba haihuwa, mahaifiyarta kuma ta rasu, babu gidan da za ta tafi wanka. Amma Abdallah ɗan fari ne. Mero ba ta kama sunansa, balle ta nuna ɗoki kan abin da ya shafe shi. Shi kuma ya tashi da sanin cewa jego sha'anin mata ne, namiji ba ya tsoma baki. Tsakanin kunyarta da kawaicinsa maganar ta faɗa.

Da Allah ya kawo cikin, Mero ta ce za ta je Dambatta ta ga dangi. Gaskiyar ita ce sayayyar jego ta tafi yi, ta zaɓo kanwa da yaji da hannunta. Abdallah kuwa bai manta da ranar da tafasasshen ruwa ya zubo mata a ƙafa ba, kuma tukunyar gas kusa da jariri na ba shi tsoro. Mai gidan da suke haya ya daɗe da sakar masa gyara yadda ya so. Sai ya yanke shawarar hutar da uwarsa kafin ta dawo.

Ya sa aka haɗa masa sabuwar hita, irin wadda ke tsotso zafi daga iska ta tara a tankin ruwa, kamar na'urar sanyaya ɗaki da aka juya ta bai. Ba ta cin wuta kamar tsohuwar hita, kuma a ƙasa mai zafi irin wannan ba ta rasa abin tsotsa. Duk abin da injiniya zai tambaya ya tambaya. Ya auna tankin da wankan mutanen gida. Mai haɗin ya ce na'urar na son sarari da iska, ya nuna bayan gida, ya ce, "Boleh, boleh," wato nan zai yi. Aka ɗauke murhu, aka kafa tanki da fanka a gurbinsa, tukunyar kuma aka ba wa masallacin unguwa don girkin azumi. Tambaya ɗaya ce ba a yi ba: me ake yi da ruwan zafi a gidan nan?

Mero ta dawo da jakunkunanta, Abdallah ya ja ta filin baya yana murmushi.

"Inna, kin huta da ɗaukar ruwa. Murɗa kawai za ki yi."

Ta murɗa famfo, ta tara hannu. Ruwan na da zafi, amma ba na tukunya ba ne.

"Ina ake zuba ganyen?"

"Ai ba a buɗe tankin, Inna."

"To. Yana tafasa?"

"Ba ya kai wa nan. Shi ya sa ma ba ya ƙuna."

Ta dubi inda murhu yake a da. Ta so ta tambayi tukunyarta, sai ta ji nauyin baki. "Allah ya yi albarka," ta ce. Shi kuma ya ɗauka ta ji daɗi.

Surayya ta sauka lafiya, aka sami ɗa namiji, aka sa masa Fatihu. Safiyar wankan farko Mero ta tafasa ganye a butar lantarki, ta tari sauran daga famfo. Bokitai kaɗan ta cika ruwan ya fara hucewa, domin irin wannan na'ura a hankali take mayar da abin da aka ɗiba. Da tankin ya yi sanyi sai fankar ta tashi, ta shiga huro iska mai sanyi daidai inda kujerar mai jego take. Surayya ta naɗe cikin zani tana rawar ɗari tana dariya.

"Inna, ɗanki ya sa mana firji a wurin wanka!"

"Ɗan wa? Mijinki dai. Matso nan."

Suka koma banɗakin ciki, inda mutum biyu ba sa juyawa. Aka yi kwanaki a haka, buta bayan buta, ta farko na hucewa kafin ta biyu ta tafasa. Wata safiya Surayya ta riƙe hannunta ta ce, "Inna, kada ki wahalar da kanki. Likita ma ta ce mai ɗumi ya isa, kuma wallahi na fi jin daɗinsa." Da kyakkyawar niyya ta faɗa, mai yiwuwa kuma gaskiyarta ce. Mero ta ajiye ganyen. Daga ranar kunu kawai take dama mata.

Sai bayan haka Surayya ta buɗe jakunkunan da aka zo da su daga Dambatta, ta ga yawan abin da aka tanada, ta gane tun tuni Inna ke jiran wannan jegon. Ta gaya wa mijinta. Abdallah ya je masallaci da kansa ya roƙo tukunyar, ya shigo da ita a kafaɗa.

"Inna, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Me ya sa ba ka tambaya ba?" Ta kau da kai. "Bar shi. Jego ba ya jira."

Matan unguwa sun zo sau ɗaya, sau biyu, suka ga babu wuri, suka daina. Bayan arba'in Mero ta ce tana kewar gida. Babu wanda ya yi faɗa da wani, kuma hitar na aiki yadda aka ce za ta yi.

Wankan Surayya bai kai arba'in ba. Tukunyar na kife ƙarƙashin matakalar bene. Abdallah ya yi magana da mai haɗin a kan mayar da na'urar gefen gida, har yanzu ba a zo ba. Inna Mero tana Dambatta, kuma ba ta ce za ta dawo ba, ba ta ce ba za ta dawo ba.