Ranar da Na Kama Bakina a Cikin Abra

Ko zan manta komai na zaman Dubai, ba zan manta da yammacin da na kama bakina a cikin abra ba. Wanda ya san ni ya san abin a rubuta ne, don ni ba na tauna magana.

Lokacin ina aiki a shagon jakunkuna a unguwar Naif, ƙanina kuma yana harkar kago, wato tura wa 'yan kasuwa kaya gida. Bizarsa ta kusa ƙarewa, kuma a nan sai an gwada jini ake sabuntawa. In aka ga ƙanjamau, sai a koro mutum gida. Kullum na ce ya je, sai ya ce gobe. Ga rama, ga jan ido. Rannan na tare shi a matakalar gidanmu na Muraqqabat.

"Kai, ni za ka raina wa hankali? Tsoron me kake?"

Ya zauna a ƙasa ya faɗa min. Yana shan ƙwaya, wani lokacin har da allura. In ya bugu kuma ba mata kaɗai yake nema ba, har da maza, babu kariya. "Yaya, in Umma ta ji, na mutu."

Zagi ya zo min har baki. Na haɗiye.

A ɗakin da ke jikin nawa akwai wata nas 'yar Jos, Kirista, wadda tun a gida take ba masu irin wannan matsala shawara. Da yardarsa na same ta. Sai dai ina za a yi maganar? Bangon ɗakunanmu katako ne, a Naif kuwa ko tari ka yi, wani Bahaushe zai ce maka sannu. Ita ta ce mu hau abra, kwalekwalen da ke tsallaka ruwan Deira, inda ƙarar inji ke cinye murya.

"Ke kuma," ta nuna ni, "yau ba ki da baki."

Muka yi ta kai da komo a kan ruwa. Ba ta sa shi rantsuwa ba, ba ta yi masa wa'azi ba.

"Ɗana, wanne za ka iya bari yau?"

"Allurar, Anti."

"Khalas, shi ke nan, daga nan za mu fara. Kwaroron roba kuma ka sa a aljihu tun kana cikin hayyacinka. Wanda ya bugu ba ya neman kemis."

Har ya yi dariya. Ni kuwa so nake na ce ya bar komai yanzu-yanzu ko na ci mutuncinsa. Na ciji leɓe, na zuba wa ruwa ido. Ina jin sa yana amayar da abubuwan da tsawata ba za ta taɓa fito da su ba.

Da muka sauka ya ce, "Yaya, raka ni gwajin."

Jinin ya fito lafiya. Nas ta sa ya maimaita daga baya, don sabon kamu ba ya nunawa da wuri. Nan ma lafiya. Ba zan ce ya zama waliyyi ba, sauran lamarin tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Amma ya bar allura, yana fama da barin ƙwayar, kuma da ƙafarsa yake zuwa wurin Anti.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na koyi cewa mai jin tsoro ba ya jin tsawa, kunne yake nema. Na sha cin nasara da bakina, amma ba na alfahari da komai kamar shirun nan.