'Yar Hudar da Ke Murfin Gahawa

Shekara da shekaru ina hawa lori daga Gadarif zuwa Simsim lokacin yankan riɗi, ban taɓa isa da farar jalabiya ba. Gahawar da nake saya a tasha, rabi a cikina, rabi a ƙirjina. Da matar da ke sayar da gahawar ta fara zuba mana a kofin takarda mai murfin roba, sai na samu lafiya. Murfin ya kama ƙam, lori ya faɗa rami ya fito, ko ɗigo babu.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai, wata 'yar huda kamar ta allura a gefen murfin. Na ɗauka sakacin maƙera ne, na tauna ƙaro na liƙe ta. Ranar na yi ta zuƙa gahawa ta ƙi fitowa, can ta ɓulɓulo ta ƙona mini harshe.

Da na dawo na kai wa matar ƙara. Ta yi dariya har ta ajiye mafici.

Ta ce, "Alhaji, toshe hancinka ka sha ruwa mu gani. Kofin ma sai iska ta shiga gahawa ke fitowa."

Tun ranar na bar hudar ta yi numfashinta, ni kuma na isa Simsim fes.