Saƙon da Ya Ce wa Inna "Ka"

Ni malamar Hausa ce a wata sakandare a nan Jos, kuma in akwai abin da ke tayar mini da hawan jini a garin nan, to a dube ni da zanena da ɗankwalina a ce mini "ka zo". Mai keke ya faɗa, mai tumatir ya faɗa, ɗaliban da nake koya wa nahawu su ma su faɗa. Na yi gyara har bakina ya gaji. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ita ko a jikinta. Cewa take yi wanda ya ajiye yarensa ya yi miki naki ai ya gama miki mutunci, ko da ya mayar da ke namiji.

A Tudun Wada aka kawo Inna aure, a nan ta haife mu, a nan ta yi takaba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan wata Kirista 'yar asalin Filato da kowa ke kira Ngo, wato uwa a yarensu. Lokutan da gari ya rikice, mutane suka yi ta sayar da gidaje suna komawa inda nasu suka fi yawa, yayanmu da ke sayar da kayan gyaran mota a Dilimi ya yi juyin duniya Inna ta bi shi, ta ƙi. Ta ce muddin Ngo ba ta tashi ba, ita ma ba inda za ta. Kullum da yamma suna kan benci ɗaya a ƙofar gida, wannan na tsince acca, waccan na jan carbi, suna gulmar surukansu.

Babbar 'yar Ngo sa'ata ce, tare muka yi wasan ƙasa. Da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, sai ta dawo gida ta kafa 'yar rumfar POS a bakin layinmu. Ita ta buɗe wa Inna asusu a waya, don mu riƙa tura mata kuɗin cefane ba sai mun hau keke mun kawo ba. Hausarta kuwa ta Jos ce zalla. "Mama, ka kawo wayarka in duba maka," haka take ce wa Inna, ita kuma ta miƙa mata tana dariya. Abu ɗaya ne Inna ba ta yarda a yi mata ba, shi ne a karanta mata saƙo. Da girmanta ta shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tana ji da karatun nan nata fiye da yadda nake ji da digirina.

Wata rana da hantsi, cikin damina, tana zaune a ɗaki saboda yayyafi, saƙo ya shigo mata daga lambar da ba ta sani ba. Na gan shi daga baya da idona. Cewa ya yi: "Barka da rana. Asusunka ya samu matsala, za a rufe yau. Ka turo lambar da za ta shigo wayarka yanzu da sauri in gyara maka."

Ɗan banzan da ya rubuta wannan bai san Inna ba, bai san ko mace ce ko namiji ba, bai ma san a wane gari take ba. Rubutawa ya yi sau ɗaya ya watsa wa bayin Allah kamar mai watsa wa kaji tsaba, ya koma gefe yana jiran wadda za ta tsattsaga. Da a hannun wata tsohuwa a Kano ko Katsina saƙon ya faɗa, da ta ce wannan ba da ita ake ba, da wani namiji ake. Amma Inna 'yar Jos ce. Tana ganin "ka" da "maka" sai ta ji muryar 'yar Ngo a kunnenta. Wa ke kula mata da asusu? Wa ke ce mata "in gyara maka"? Baƙuwar lambar ma ta samo mata uzuri, ta ce wataƙila layin rumfa ne. Lambobin sirrin suka shigo, ta sa tabarau ta kwafe su ɗaya bayan ɗaya ta tura. Har ta ƙara da "Allah ya yi miki albarka". Duk lokacin da na tuna cewa ɓarawon nan ya kwashe kuɗin tsohuwa kuma ya haɗa da albarkarta, sai in ji kamar in fasa wayar da ke hannuna.

Da ruwa ya ɗauke ta taka zuwa rumfa don ta yi godiya. 'Yar Ngo na karanta saƙon ta ɗora hannu a ka. Nan take ta kira kamfanin da ke riƙe da kuɗin ta sa aka rufe asusun, amma an riga an share shi tas. Inna ta rikice, ta kira Yaya, kuma a cikin rikicewar ta ce masa saƙon 'yar Ngo ne ta amsa kuɗinta suka tafi. Abin da take nufi daban, abin da ya ji daban.

Yaya mutum ne da bakinsa ke riga hankalinsa isa wuri. Kafin in taso daga makaranta ya iso daga Dilimi, ya tsaya a gaban rumfar, ga mutane a layi suna jiran cirar kuɗi, ya kira 'yar Ngo ɓarauniya. Ya ce wa ya san lambar tsohuwar nan in ba ita ba, wa ke ce mata "ka" in ba ita ba, kamar ba rabin mutanen garin nan ke faɗar haka ba. Waɗanda suke wurin sun ce ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, ka san ni tun ina yarinya," in ji ta.

"Ni ba yayanki ba ne," ya ce mata.

Bai tsaya nan ba sai da ya kai ta wurin 'yan sanda. Ta yini a kan benci kamar mai laifi, aka ƙwace wayoyinta aka bincika, aka ga kuɗin sun faɗa wani asusu a can wata uwa duniya, daga nan sun tsallake zuwa wani, babu abin da ya haɗa su da ita. Aka ce ta tafi. Na je har shagon Yaya na wanke shi tas a gaban abokan sana'arsa, ban rage masa komai ba don yana yayana. Ya ce ai bincike ba laifi ba ne. Na ce ya je ya faɗa wa 'ya'yanta haka, su da ake nuna su da baki a makaranta.

Magana zarar bunu ce. Wanda ya ji an kama mai POS bai ji an sake ta ba. Mutane suka fara wuce rumfarta suna zuwa ta gaba. Wasu suka riƙa kiran wayarta suna zaginta har ta jefar da layin. Kuma a Jos irin wannan magana ba ta tsayawa a kan kuɗi. Samarin wannan ɓangare suka fara cewa ga abin da aka yi wa tsohuwarmu, na wancan suna cewa ga ƙazafin da aka yi wa 'yar'uwarmu. Inna ta shiga gidan Ngo da ciwon gwiwarta ta durƙusa, Ngo ta ɗaga ta tana kuka, ta ce tsakaninsu babu komai. Duk da haka ɗan Ngo da ke aikin gwamnati ya turo mota ta kwashe su da kayansu zuwa wajen Rayfield. Ban ga laifinsa ba, da ni ce ma abin da zan yi ke nan.

Kuɗin dai mun haɗa mun mayar wa Inna. Sannan na zaunar da ita kamar ɗaliba na kafa mata doka: kada ta ɗaga kiran lambar da ba ta sani ba, kuma duk saƙon da ya ce ta yi wani abu da sauri, ta goge shi ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta riƙe dokar gam. Su kuwa la'anannun ba su fasa ba, da alama sun sa lambarta a cikin na waɗanda ke cin ƙugiya. Yau a ce ta ci kyauta, gobe a ce za a rufe layinta, jibi a ce ɗanta ya yi hatsari yana asibiti a turo kuɗin magani. Tana gogewa, in na zo ta ba ni rahoto tana jin daɗi. Da farko suna gaisawa da Ngo a waya, amma kunnen Ngo ya yi nauyi, hirar ta koma ihu da "me kika ce", a hankali kiran ya ja baya.

Wata ranar Asabar na kai wa Inna dankali, tana yanka alayyafo ta ce mini, "Yau ma sun zo da muryar yarinyar nan. Sun kira na ƙi ɗagawa, sai suka rubuto wai ka zo asibiti da sauri, Ngo tana kiran sunanka. Har sunan Ngo suka samo, marasa tsoron Allah. Na goge."

Na ce mata ta kyauta. Baƙuwar lamba, da "ka", da "da sauri", da asibiti, babu alamar da ba ta cika ba. Ko gobe aka kawo mini irin wannan saƙo, abin da zan ce ke nan.

Ba a rufa mako ba wani dattijo daga cocin su Ngo ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce an aiko shi ya sanar da mu ranar jana'izar Ngo.

Muka je gaisuwa, ni da Inna. Yaya bai da idon zuwa. 'Yar Ngo ta karɓe mu, ta kawo mana ruwa, ba ta yi mana gori ba. Da Inna ta tambaye ta me ya sa ba a gaya mata ana jinya ba, sai ta ce ta kira da sabon layinta ba a ɗaga ba, ta rubuta ba a amsa ba, sai ta ɗauka har yanzu ana fushi da ita. Ta ce duk wanda ya turo ƙofar ɗakin asibitin, sai Ngo ta juyo ta duba.

Ban san sunan mutumin da ya rubuta saƙon farko ba, ban san fuskarsa ba, wataƙila ma ya manta ya taɓa cin kuɗin wata tsohuwa a Tudun Wada. Ni ban manta ba, kuma ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da shi, da wanda ya koya masa, da wanda ya ara masa asusun da ya zuba kuɗin. Ina faɗar haka bayan kowace salla, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Muna cikin keke muna dawowa, har mun kusa gida. Sai Inna ta kwance bakin zanenta ta ciro wayar ta miƙo mini, ta ce tunda ni na yi boko, in dawo mata da saƙon nan da ta goge, tana so ta sake karantawa. Na ce mata ba ya dawowa. Ta ce in dai gwada.