Tsinken Gwaggo a Kunnena

Ina bakin rijiya ina ɗaure igiyar guga, sai na ji kunnena na hagu ya toshe ɗif. Maƙwabciyarmu tana mani magana, ina ganin bakinta na motsi, amma sai na juya mata dama kafin in ji.

A gidanmu da kunne nake ɗaukar karatu. Baba yana biya wa manya littattafai a zaure, ni kuwa ina bayan danga ina saurare, ta haka na wuce allo. In na kurmance, karatuna ya ƙare.

Gwaggo, yayar Baba, ta kwantar da kaina bisa cinyarta. Ta fara da gashin zabo, wanda muke susar kunne da shi kullum. Da bai yi ba, ta karyo tsinken tsintsiya. Na ce da zafi.

"Rufa mani baki! Kunne nawa na sosa tun ba a haifi uwarki ba?"

Ta tura, ta ƙara turawa, har tsinken ya fito da jini. Sai ta ce ai iska ce ta mare ni a rijiya. Kwana tara ana turara mani hayaƙi ina tari ina kuka. Ko sannu ba ta ce mani ba.

Ran kasuwar Birnin Lalle, Inna ta ja ni wurin wani tsohon wanzami, Gwaggo na biye tana mita. Ya karkata kaina ga rana ya leƙa.

"Dauɗa ce. Wa ya danna ta haka, kamar mai cusa gero a taiki?"

Ya ce ba zai taɓa ba sai yagar tsinken ta warke, sannan a riƙa ɗiga man shanu mai ɗumi har dauɗar ta yi laushi.

Bayan kasuwa biyu muka koma. Ya cika mafitsarar akuya da ruwa, bakinta ɗaure da siririn kara. Ya gwada ɗumin ruwan a hannunsa, Inna ta tara ƙwarya. Ya matsa a hankali. Jiri ya ɗebe ni, na riƙe zanen Inna. A matsa ta uku wani baƙin dunƙule kamar ƙwallon dabino ya faɗo cikin ƙwaryar. Hayaniyar kasuwa ta afko mani, har da kukan raƙuma.

"Ai ni na sassauto ta," in ji Gwaggo daga hagu. Na ji ta sarai, sai da na ciji leɓe.

Wanzamin ya toshe mani dama da yatsa ya yi raɗa: "Kin ji ni, ɗiyata?"

"Na ji, Baba."

"To kin tsira. Saura kaɗan tsinken ya huda can ciki, amma bai kai ba."