Ɗanladi da Na'urar Alhaji Mahmudu

A shekarun da kuɗin fetur ke sa mutum ya sayi abu kafin ya tambayi amfaninsa, Alhaji Mahmudu, mai manyan motoci a bakin iyakar Jibiya, ya sayo kwamfuta daga Turai, har da janareto. Sai da ta iso aka tuna babu wanda ya iya ta. Aka ɗauko Ɗanladi, mutumin Mazanya, wanda ya koyi aikinta a Zariya.

Wata uku yana fama da ɗan guntun aikin da ba mai gani: da an kunna ta, na'ura ta karɓi kalmomin da aka buga, ta ƙirga su, ta jera kowace a gurbinta. Gurbi uku ya tanada: lambar mota, sunan direba, irin kaya. Burinsa bai wuce ya ga mota ɗaya ta tsallaka zuwa Maraɗi da takardar da aikinsa ya fitar ba.

Ranar buɗewa Alhaji ya gayyato manyan gari, ya zauna gaban na'urar da kansa. To, wa ya taɓa fara magana babu sallama? Da yatsa ɗaya ya buga salamu alaikum, sannan lambar. Takarda ta fito: mota Salamu, direba Alaikum. Kunya ta kama Ɗanladi.

Ya kwashe mako yana gyara, har na'ura ta iya tsallake gaisuwa ta nemi lamba. Alhaji ya gwada, ya ɓata rai.

"Ɗanladi, mi ya hana ta amsa? Ni za ta yi wa banza cikin gidana?"

"Ranka shi daɗe, ba aikinta ba ne."

"To shi zama aikinta."

Ɗanladi ya ƙara mata layi ɗaya na umarni, ta riƙa amsa sallama. Labari ya bazu har ƙetare. Fatake suka riƙa tsayawa su gaishe ta, wata tsohuwa daga Gangara ta kawo mata fura. Da ta amsa sai a tashi ana murna, babu mai ƙarasa buga sauran.

Shekara shida Ɗanladi yana kunna janareto da safe, ana kiransa malamin gaisuwa. Abin yana cinsa a rai, bai gaya wa kowa ba. Ranar da na'urar ta mutu, mutane suka zo yi wa Alhaji ta'aziyya. Ɗanladi ya zauna a bakin ƙofa, yana kallon direbobi suna karɓar takardun da akawun Alhaji ya rubuta musu da biro, kamar kullum.