Gafakar Gwaggo da Wasiƙun Kakanmu

A gidanmu mace ce ta riƙe takardun kakanmu. Gwaggona ce, yayar mahaifina, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ta zauna a ɗakin da ke kusa da rumbu, a ƙauyenmu da ke gabas da Guri. Mahaifinta ne ya damƙa mata wata tsohuwar gafaka kafin ya cika, ya ce duk cikin 'ya'yansa ita ce ba ta da garaje. Tun ina ƙarami nake ganin gafakar nan a rataye a bangon ɗakinta, fatar ta yi baƙi ta yi sulɓi, amma ban taɓa ganin an buɗe ta ba.

Mai takardun kakan kakana ne. Shi ya riƙe garinmu da ƙauyukan da ke kewaye kafin zuwan Turawa, kuma shi ke jan dakarun yankin idan yaƙi ya taso. Abin da muka sani game da shi bai wuce wanda maroƙa ke faɗa ran suna ko ɗaurin aure ba: wai bai taɓa ba abokin gaba baya ba, wai ƙarfe ba ya kama shi. Saboda haka kowa ya ɗauka asirin yaƙi ne a cikin gafakar, layu da laƙanin tauri. Ni kuwa na daɗe ina koyar da tarihi a wata sakandare a Haɗejiya, na karantar da yaƙe-yaƙen ƙasashen da ban taɓa takawa ba, amma ko sau ɗaya ban ce Gwaggo ta nuna mini abin da ke ɗakinta ba. Ina jin kunyar faɗar haka, amma gaskiya ce.

Wata damina kogi ya cika ya tumbatsa, ya haura jingar da aka yi don tare ruwa, ya shigo gari da hantsi. Katangun ƙasa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Aka kwashe tsofaffi a kwalekwale zuwa tudu, daga nan na aika mota ta ɗauko mini Gwaggo. Da ta sauko a ƙofar gidana, ba ta da komai sai zanen jikinta da carbi, sai gafakar da ta ɗaure a ka da ɗankwali.

Na ce, "Gwaggo, ina kayanki?"

Ta ce, "Kaya ai ana samun wasu. Karɓi wannan, danshi ya kama ta. Ka shanya abin da ke ciki kafin ya ruɓe."

"In buɗe?"

"To, da aljani ne zai buɗe maka?"

Na shimfiɗa tabarma a zaure, inda rana ba ta kaiwa, na kwance igiyar. Babu laya ko ɗaya. Takardu ne masu kauri, sun yi ruwan ƙasa, wasu gara ta ci gefensu, da yawansu da hatimi a sama. Na jera su ɗaya ɗaya, na danne kowace da tsakuwa. Da na ɗaga wata wajen haske, sai na ga zanen jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar. Larabcina bai wuce na salla ba, amma na gane bisimilla, na gane gaisuwa, na kuma fahimci cewa wasiƙu ne.

Aka kwatanta mini wani tsohon malami a cikin gari, Babarbare, wanda kakanninsa suka zo daga wajen tafkin Cadi. Shi ake kai wa tsohon rubutu idan ya gagari kowa. Mu kuwa da jinin Fulani a jikinmu, don haka tun kafin in gama gaishe shi ya fara mini wasan da ke tsakaninmu.

Ya ce, "Bafillace da takarda? Na ɗauka sanda da ƙwarya kaɗai kuka gada."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai shi ya sa muka ajiye ku, ku riƙa karanta mana."

Ya yi dariya har da tari. Amma da ya ɗauki takarda ta fari ya kai ta kusa da idonsa, sai dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya bayyana mini cewa magatakardan kakanmu yana kwafe kowace wasiƙa kafin a aika da ita, ya adana, ya haɗa da amsoshin da suka dawo. Muka tsayar da ranar Alhamis da safe, tunda ba ya ba da karatu ran nan. Shi yana karantawa yana fassarawa, ni ina rubutawa a littafin makaranta.

Na zo da zumuɗin jin ƙarar takubba. Wasiƙa ta fari roƙon irin shinkafa ce, kakanmu yana nema wa talakawansa daga wani mai gari, saboda ruwa ya cinye nasu. Ta biyu a kan gyaran jiragen ruwa ce. Ta uku yana tsawata wa wani ɗan'uwansa da ya bari dawakinsa suka shiga gonar wata tsohuwa.

Na kasa haƙuri, na ce, "Malam, ina yaƙin?"

Ya ce, "Yana tafe. Wanda ya san yaƙi ba ya ɗokin rubuta shi."

Sai a Alhamis ta biyar yaƙin ya zo. Wasiƙa ce da kakanmu ya aika wa na gaba da shi a birni, yana ba da labarin wata arangama da ba su ji da daɗi ba. Ya faɗa a fili cewa shi ya ba da umurnin a ja da baya a tsallaka kogi, domin ruwa yana ƙaruwa, in aka tsaya za a ritsa da su gaba abokan gaba, baya kogi. Ya ce in akwai laifi a wuyansa yake, kada a ɗora wa kowa. Daga nan ya jero sunayen waɗanda suka faɗi, kowa da sunan ƙauyensa, ya roƙi kada a sake ɗaukar kowa zuwa yaƙi daga gidajensu. Malam ya karanta sunayen a hankali, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya kai ƙarshe ya ajiye takardar ya ɗaga hannu, muka yi musu fatiha.

Ashe maroƙa sun yi mana ƙari. Kakanmu ya taɓa ba da baya. Na koma gida ran nan a ƙasa, ban hau babur ba, ina juya maganar. Na zaci zan ji ya ragu a idona, sai na ga ban taɓa ganin girmansa kamar ran nan ba.

Akwai wata kuma da ya aika wa abokin gabansa, yana neman a ajiye makami har a gama yankan shinkafa, don yunwa ba ta san na wa ne ba. Amsar tana nan a haɗe da ita, kuma an amince.

Muna cikin wannan karatu rigima ta tsananta a gida. Akwai wani tafki tsakanin ƙauyenmu da na maƙwabtanmu, ta wajen Kirikasamma. Ciyawar kacala ta toshe mashigar da ke kawo masa ruwa daga kogi, ruwa ya ja baya, kifi ya yi ƙaranci, kowa ya ce ɗan'uwansa ne ya jawo. Aka fara yanke wa juna komar kamun kifi, har matasa suka ba hammata iska, magana ta kai gaban hakimi. Da mutanenmu suka ji an buɗe gafaka, sai ɗan baffana, wanda shi ne bakin masuntanmu, ya zo har gida.

Ya ce, "Yaya, tun muna yara ake ce mana tafkin nan kakanmu ne ya ci shi da mashi. Ka duba mana, takardar tana ciki. Mu kai wa hakimi a rufe musu baki."

Takardar kuwa tana ciki, mun same ta bayan mako biyu. Kakanmu ne ya rubuta wa bulaman wancan ƙauyen, wato mai garinsu. Ya tuna masa cewa ran da aka ja da baya, mutanen bulaman ne suka fito da jiragensu suka tsallakar da dakarun, ba wanda ya sa su. Saboda haka ya tabbatar da cewa kamun kifi a tafkin nasu ne, su da jikokinsu, duk namu da ke son jefa koma sai ya nemi izinin sarkin ruwansu. Mu kuma mu noma bakin tafkin idan ruwa ya janye. Sharar mashiga kuwa a wuyan ƙauyukan biyu take, kowace shekara.

Na ce, "Malam, a sake karantawa."

Ya ce, "Ko sau goma na karanta, abin da ke nan shi ke nan. Ni mai karatu ne, ba mai gyara ba."

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in mayar da ita ƙasan gafaka in ce ba mu gani ba. Na shiga wajen Gwaggo da yamma, tana tsintar wake a faifai, na zauna kusa da ita. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, me takardar ta ce?" Na faɗa mata duka, har da abin da nake saƙawa a raina.

Ba ta daina tsintar wakenta ba. Ta ce, "Shi da ya rubuta bai ji kunya ba, sai kai mai karantawa? Ni ban iya karatu ba, amma ba don a yi ƙarya da ita na ɗauko ta a kaina cikin ruwa ba."

Ran zama a ƙofar hakimi, Malam ya matsa sai ya je da kansa, duk da ciwon gwiwa. Aka shimfiɗa masa buzu a gindin tsamiya, mutanenmu a gefe guda, maƙwabta a ɗaya gefen. Ya karanta da Larabci, ya maimaita da Hausa. Ɗan baffana ya miƙe ya nuna ni da yatsa.

Ya ce, "Ka kwance mana zani a kasuwa, Yaya. Da mun sani da ba mu zo wajenka ba."

Hakimi ya ce ya zauna. Sai bulaman maƙwabta, wani dattijo mai rawar murya, ya nemi izinin magana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, iyayenmu sun faɗa mana akwai takarda irin wannan a gidanmu, gobara ta cinye ta tun ba a haife ni ba. In muka faɗa, sai a ce tatsuniya muke yi. Yau Allah ya fito da 'yar'uwarta daga gidan da ba mu zata ba. Amma ranka ya daɗe, na ji ta ambaci sharar mashiga, mu ma mun daɗe da yin watsi da ita. Kuma izinin da ta ce a nema, ai ba ta ce a hana ba. Duk wanda ya zo ya yi sallama, tafki ya ishe mu."

A nan take aka tsayar da ranar gayya. Na je, ko da yake rabona da lauje an daɗe. Maza sun shiga ruwa har ƙirji da adduna, wasu a kwalekwale suna jan ciyawar da aka sare, mata suna dafa shinkafa da wake a bakin gaɓa. Matsattsaku sun sha jinina, har wani dattijo ya ce jinin alli ne, ba zai ƙosar da su ba. An yi makonni ana yi kafin ruwa ya fara gudana. Ban ce an rabu da kacala ba, kowace shekara sai ta dawo, amma yanzu in ta dawo tare ake fita. Ɗan baffana ya yi watanni ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Daga baya ya sauko, ko da yake har yau in muka haɗu a wajen biki sai ya ce, "Ga lauyan maƙwabta nan."

Mun ci gaba da Alhamis ɗinmu da Malam har muka gama, ban da 'yan kaɗan da danshi ya narkar da tawadarsu. Bai daɗe bayan haka ba Allah ya karɓi abinsa. Na ɗauki hoton kowace wasiƙa, na haɗa da fassarar da ya yi mini, na ajiye kwafi a masallacin ƙauyenmu, na kai ɗaya masallacin maƙwabta, ɗaya kuma na bar wa malamin da ya gaje ni a makaranta bayan na bar aiki.

Da aka sake gina ɗakin Gwaggo ta koma ƙauye. Bayan kamun kifin farko na shekarar, sai ga sarkin ruwan maƙwabta da kansa, ɗauke da kwando cike da tarwaɗa da karfasa, ya ajiye a ƙofar ɗakinta ya durƙusa ya gaishe ta. Ina wurin. Sai ta hau faɗa, wai wa zai gyara mata wannan uban kifi, ita da ba ta da haƙori. Ta sa aka rarraba wa gidajen unguwa, ta ɗauki guda biyu kacal.

Duk sanda na idar da salla ina sa mutum huɗu a addu'a: kakan da ya faɗi gaskiya a kan kansa, magatakardan da ban san ko sunansa ba, Malam, da Gwaggo. Ita tana nan da ranta, ta ce in daina haɗa ta da matattu.