Addu'ar Gwiwar Hajiya

Muna cikin shekara ta biyu da fara karantar da yara a gida surukata ta zo mana Riyad. Ta gama Umara ta biyo ta wajenmu, ta ce sati shida za ta yi, ta gaji da ganin jikokinta a waya kamar 'yan talabijin.

Yaranmu uku ne. Babbar mace ce, shekararta bakwai a lokacin, sai namiji mai shekara biyar, sai auta da ba ta cika biyu ba. Maigidana injiniya ne, ni kuma malamar firamare ce kafin mu baro Zariya. Da muka duba makarantun da ke kusa da mu, waɗansu da Larabci zalla suke koyarwa, wadda ta kwanta mana a rai kuma sai an ratsa rabin gari cikin cunkoson safe. Sai na kwashe kujerun ƙaramin falo, na kafa farin allo, na ce ga makaranta. Kowa a dangi ya sani ban da Hajiya. In ta tambaya a waya, "Yaya karatun yara?" sai mu ce lafiya lau. Kuma ba ƙarya muka yi ba.

Kafin ta sauka na ce wa maigidan, "Kai za ka gaya mata."

Ya ce, "Ai ke ce malamar."

Na ce, "Ai mahaifiyarka ce."

Ya ce zai samu lokacin da ya dace. Ranar Lahadi, ranar da ake komawa aiki, ya ɗauki hular kwanonsa ya fice tun rana ba ta gama fitowa ba, ko shayi bai ƙarasa ba.

Na fito daga kicin na tarar Hajiya ta yi wa manyan biyu wanka, ta mulke su da basilin har goshinsu na ɗaukar ido, ta sa musu takalma, ita da su suna zaune a bakin ƙofa.

"Motar tasu ƙarfe nawa take zuwa?"

Na durƙusa na ce, "Hajiya, ai ba sa fita. A nan gida suke karatu."

Ta kalli yaran ɗaya bayan ɗaya, sannan ta rage murya. "Korar su aka yi?"

"A'a, Hajiya."

"Shi wancan aikinsa lafiya dai?" Ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa.

"Lafiya lau."

Na kai ta ƙaramin falon. Ta shafa allon, ta ɗaga littattafan, ta leƙa bayan labule kamar mai neman sauran ɗaliban.

"Wa ye hedimasta?"

"Ni ce."

"Malamin lissafi fa?"

"Ni ce."

"To in malamar ta yi ba daidai ba, wa ake kai wa ƙara?"

Ta sa aka jawo mata kujera, ta zauna a bayan aji da carbinta, ta ce in fara, ita ba ta nan.

Tana nan. A duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa samun ɗaliba mai dagula aji irin Hajiya ba. Ba ta yi boko ba, amma kanta ya fi nawa saurin lissafi. In na rubuta takwas da bakwai a allo, kafin yarinyar ta gama ƙirga yatsu sai in ji raɗa daga baya, "Sha biyar." In na juyo, sai in ga idonta a rufe, leɓenta na motsi, carbi na tafiya. Dabino kuwa daga ƙarƙashin hijabinta yake fitowa, ɗaya bayan ɗaya, ya bi ta ƙasan tebur. Auta, da na saba zaunar da ita da fensir mai launi, ta gano inda arzikin yake, ta koma can da zama.

Namijin ne kawai ya yi kwana biyu yana gudun ta. Tun a filin jirgi ta rungume shi ta ce, "Ga angona, ga maigidana!" Shi bai san wasan kaka da jika ba. Ya ja ni gefe, idonsa cike da ƙwalla, ya ce shi bai yarda ba, karatu zai yi. Dabinon ne ya sasanta su.

Abin da ya ɗaga darajar makarantata a idon Hajiya ba ni na koyar da shi ba. Yarana da ni Hausa suke yi, gurguwa dai, amma tsakaninsu Larabci ne, irin na 'ya'yan maƙwabta da suke wasa da su a farfajiya. In faɗa ya kaure kuwa, Larabcin har gudu yake yi. Ranar farko da suka yi rigima a kan abin goge allo, babbar ta zazzaga wa ƙaninta magana, shi ma ya rama da ƙarfi. Na buɗe baki zan tsawatar, sai na ga Hajiya ta ɗaga hannu biyu.

"Amin. Amin ya Allah. Allah ya yi muku albarka."

Da yamma na ji ta a waya tana gaya wa ƙanwarta a Zariya, "Yaran nan ko ɓacin rai suka yi, addu'a ce ke fita daga bakinsu." Na tsaya a bakin kicin da ludayi a hannu. Na san ya kamata in gyara. Amma sati guda ke nan ana yi mini kallon mai makarantar ƙarya, yau kuma ga shi ana yabo na har Zariya. Na koma na ci gaba da juya miyata.

Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, sanyin na'urar ɗaki kuma ya tayar mata da shi. Wata safiya ta kira yaron ta ce, "Angona, zo ka yi mini addu'a a nan." Ya zo ya ɗora hannu a gwiwar, ya gyara tsayuwa, ya sassauta murya, ya karanto wani Larabci tsaf, mai daɗin ji, ba irin na faɗa ba. Ya maimaita sau biyu, ya tofa. Ina jin kalmar farko na gane. Yaron nan ba abin da yake so a duniya kamar jirgin ƙasa na cikin gari, metro, kuma ya haddace duk sanarwar da ake yi a cikinsa. Ya gaya wa gwiwar Hajiya sunan tasha ta gaba, ya kuma gargaɗe ta cewa za a rufe ƙofofi.

Ta shafa fuska ta ce amin. Daga ranar, kullum kafin mu shiga aji sai an yi. Har ta fara kama bakin kalmomin tana bin sa.

A sati na uku darasin tarihi ya kai mu unguwar Dira, mu ga tsohuwar fadar Masmak. Ni da kaina na zaɓi mu bi metro, ban yi tunanin komai ba sai da muka zauna a ɓangaren iyali, Hajiya a gefena, auta a cinyata. Murya ta fito daga sama.

Hajiya ta dafa hannuna. "Ji! Addu'ar gwiwata!" Ta ɗaga hannu. "Ikon Allah. Ƙasar nan har jirginsu addu'a yake yi wa mutane."

Da na samu daƙiƙa ɗaya da na san yadda zan lallaɓa. Amma babbar tawa yarinya ce da ba ta iya ganin kuskure ta ƙyale, ni na koya mata. Ta ce, "Kaka, ba addu'a ba ce. Cewa ya yi a matsa, ƙofa za ta rufe."

Hannun Hajiya ya sauko a hankali. Ta kalli yaron, shi kuwa ya manna fuska a gilashi yana bin sanarwar da baki. Ta kalle ni. Na sunkuya ina gyara wa auta takalmin da ba abin da ya same shi.

Mun zaga Masmak, ina bayanin ƙofa da katanga, Hajiya na biye da mu tana jan carbinta. Da muka dawo gida ta yi sallah, ta kira babbar ta zaunar da ita a gabanta.

"Wadda kika yi wa ƙaninki ranar abin goge allo, me take nufi?"

"Na ce masa jaki."

"Shi kuma da ya amsa?"

"Ya ce ni ce jakar, kuma zai gaya wa Mama."

"Ta jiya da dare, mai tsawon nan?"

"Na ce in ya sake taɓa littafina zan jefa motarsa a masai."

Hajiya ta jinjina kai. "Sati biyu ina cewa amin."

Da maigidan ya dawo ta tara mu. Na zaci za ta ce a rufe makarantar. Ta fara da ɗanta, ta wanke shi tas, shi da ya bari 'ya'yansa suna zagin juna da harshen da uwarsa ba ta ji. Ya sunkuyar da kai, kafaɗarsa na rawa, ban sani ba ko nadama ce ko dariya. Da ta juyo kaina sai ta ce, "Ke kuma kin ji, kin yi shiru." Na ce a yi haƙuri, na ji daɗin yabon ne. Ta harare ni, sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har tana share ido da gefen hijabi. Ta ce abin haushin ma, gwiwar ta yi sauƙi.

Hukuncinta shi ne daga gobe darasin farko nata ne, kuma gaisuwa za ta koyar. Ta ce yaron da bai iya gaida mutane da harshen ubansa ba, ko jirgin sama ya iya ƙerawa da saura.

Washegari suka durƙusa a gabanta.

"Ina kwana?"

"Lafiya lau," in ji yaron.

"Ina gajiya?"

Ya waiwaya hagu da dama. "Ban gan ta ba."

Sai da aka kwana huɗu kafin ya yarda cewa gajiya ba mutum ba ce, kuma amsar ita ce babu, ko da akwai. Babbar ta ce to ai wannan ƙarya ce. Hajiya ta ce ba ƙarya ba ce, ladabi ne, in ta girma za ta gane bambancin. Kafin sati ya zagayo sun iya har da yaya gida, yaya aiki, yaya sanyi, a garin da zafi ke narka takalmi. Uban ne ya ɗanɗana. Kullum da safe sai su tare shi a ƙofa su durƙusa, su bi gaisuwar tun daga farko har ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, auta ma ta tsuguna a bayansu tana cewa "lau, lau". In ya yi ƙoƙarin gajartawa sai Hajiya ta yi gyaran murya daga falo. Sau biyu yana makara a wurin aiki.

Ranar da za ta koma, a filin jirgi, ta riƙe hannuna ta ce yarinyar tana karatu da kyau, ta lura, amma in rage yi mata tsawa in ta yi jinkiri, tsoro ne ke ɗaure mata kai. Ban san ta lura da wannan ba. Na yi ta tunaninsa a mota har muka iso gida, yaran suna baya suna gardama a kan wa zai zauna kusa da taga, rabi da Larabci, rabi da Hausa.